Likitan bisashe na wajen Zariya: aikinshi na kyau, amma mussoshi da karnukan da yake riƙo sun fi ƙarfin aljihunshi

In kana Maradi kuma kana da bisa, akuya ce ko rago ko jaki ko ma mussa ce kawai ta gida, akwai wani ɗan asibitin bisashe mai zaman kanshi can wajen unguwar Zariya da mata ke ta tambayata a WhatsApp wai ko ya cancanci kuɗin da ake biya. E ya cancanta. Amma akwai abubuwan da ke ɓata mini rai a wurin kuma su ma zan faɗe su, ba talla anka ba ni in yi ba. Suna da kwatance kam ba zan saka ba, shi mai wurin ne ya roƙe ni, ya ce Hajiya don girman Allah kar ki rubuta, in kin yi gobe da asuba kwali uku na ƴan mussoshi zan iske bakin ƙofa. Mai so ya tambaye ni in kwatanta mishi.

Wurin ba wani babba ba ne, shago ne a gaba mai kantoci na magani da firigo guda, sai ɗaki na ciki mai tebur na ƙarfe inda yake aiki, sai ƴar rumfar kwano a waje inda ake ɗaure bisashe. Shi likitan da yaro guda mai taya shi, shi ke nan.

Abin da ya fara kai ni akuyata ce, ja, irin tamu ta Maradi wadda duk macen da ta san ciwon kanta a garin nan ke da ko guda a bayan ɗaki, don ita ce asusunmu, ga haihuwar tagwaye ga nono, ga fatarta da Turawa ke so tun zamanin da, ba banza ba gwamnati ta buɗe mata cibiya tata ta kanta a nan Maradi tun 1963. To tawa sai ta fara rama, ci kaɗan-kaɗan, gashi ya tashi, amma ciki ƙato kuma da tauri, na ba ta kanwa na ba ta maganin tsutsa na kasuwa har na gaji ba abin da ya sake. Da munka kai ta bai yi saurin ɗauko allura ba, ya duba ido da dasashi, ya sa mata abin awon zafi, sannan ya danna cikin ta ɓangaren hagu ya ce Hajiya kawo hannunki ki ji. Na taɓa na ji wani dunƙule can ciki da ba ya narkewa ƙarƙashin yatsa. Ya ce leda ce, kuma babu maganin sha ko na allura da ke fidda leda, sai dai a yanka a ciro ko kuma ki kai wa mahauci tun tana da sauran nama. Ya faɗa mini kuɗin aikin tun kafin ya taɓa wuƙa, ya faɗa mini kuma tana iya mutuwa ko an yi, ya ce ki yi lissafi da kanki, in da tsohuwa ce da ni da kaina zan ce ki sayar. Wagga magana ita ta sa na yarda da shi, don mai neman kuɗi kawai ba ya ce maka kar ka kashe.

Na tsaya na gani da idona. An aske mata gefen hagu an wanke, ya yi mata allurar kashe zafi a wurin, tana kwance yaron na riƙe da kai, ya tsaga fata ya kai ga tumbi ya buɗe, sai ya fara jawowa. Wallahi baƙar leda ce ta murɗe da juna ta zama igiya, da ledar ruwan sanyi, da guntun buhu, da wani tsumman zane, yana ja tana fitowa har sai da ta kusa cika rabin bokiti, ga wari kuwa sai da na ja mayafi na rufe hanci. Ya ɗinke ciki ya ɗinke waje. Kuma fa akwai doka tun 2014 da ta hana shigowa da ledar nan da sayar da ita a Nijar, amma je ka bakin babbar kasuwa ranar Litinin ko Juma'a da marece ka ga abin da awaki ke kiwo a kai. Akuyar ta tashi, daga baya ma ta haihu. Shi da kanshi ya zo gida bisa moto ya cire zaren bai ƙara mini ko dala ba, ya kuma ja mini kunne kar a sha nononta na ƴan kwanaki kuma kar a yi zancen yanka sai an share makonni saboda allurar da ke jikinta. Masu kiwon ragon layya ku ji wannan, ana dirka wa rago allura ana saura kwana biyu Salla sannan a yanka a ba yara, abin ba kyau.

Magani a wurinshi ya fi na kasuwa tsada, wannan ba ƙarya. Abin da za ka samu dala ɗari a tebur shi yana iya ce maka jika. Sai dai na tebur ya wuni cikin ranar Maradi wata da watanni, wani ma ba ka san ta inda ya ƙetaro iyaka ba, shi kuwa firigonshi na da sola, ko an ɗauke wuta allurar rigakafi na cikin sanyinta. Kuma in lokacin rigakafin gwamnati na kyauta ya kusa, wanda ake yi kowace shekara wa shanu da awaki da tumaki, sai ya ce ki jira ƴan elbaj, ma'aikatan kiwo na gwamnati, su zo unguwa kar ki ɓata kuɗinki. Na ji shi da kunnena shina faɗa wa wani haka.

Yanzu filin da ke bayan shagon, don shi ne ainihin abin da ya sa na zauna rubutun nan.

Akwai wata ƙofar langa-langa a gefen rumfa, in ka leƙa fili ne ɗan madaidaici da itacen dogon yaro guda a tsakiya. An kewaye kusurwa ɗaya da waya an yi wa mussoshi, ɗayar kusurwar karnuka ne kowane da igiyarshi da kaskon ruwanshi. Ranar da na fara leƙawa akwai wata mussa mai ido guda kwance cikin tsohon kwandon tumatir tana shayar da ƴaƴa, da biyu cikinsu ba ma nata ba ne, an tsinto su ne a kwalbati anka liƙa mata ta karɓa. Akwai wani kwikwiyo da ƙafar baya ɗaure da kara da bandeji, yara sunka jefe shi. Ba allo, ba suna, ba wata ƙungiya ko faroje da ke ba shi ko sisi. Ya ce abin ya faro ne da mutum ya kawo bisa a duba sai ya ji kuɗi ya ce bari in je in dawo, shi ke nan ba a sake ganinshi, daga nan labari ya bazu wai likita na karɓa, sai aka koma ajiye mishi cikin dare. Kun san halinmu da mussa, in ta haihu ta dame mu sai a sa ta buhu a ba yaro ya kai bakin Gulbi ko bayan kasuwa ya zazzage, a ce ai Allah na ciyar da ita. To wasu yanzu sun samu inda ya fi Gulbi kusa.

Abincinsu roƙo ne, ba wani suna da za a ba shi. Wata mai tuwo-tuwo na tara mishi ragowa, mai suyar kifi na ajiye kawuna, wani mahauci kan ba da ƴan tarkacen da ba su sayuwa, ranar da ba a samu ba ya sa hannu aljihu. Allura da maganin ƙuma da na tsutsa duk daga kantar shagon suke fita, ma'ana daga ribarshi. Shi ya sa na ce abin ya fi ƙarfinshi, kuma ana gani, wayar ta ɓule a wurare an toshe da kwali, lokacin zafi inuwar itace guda ba ta isarsu, kuma in iska ya juyo warin na kaiwa har rumfar da mutane ke jira.

Abin da ya fi nacewa a kai shi ne fiɗiya, a yi wa muzuru a kuma yi wa macen aikin da zai tsai da haihuwa. Da farko abin ya yi mini wani iri, na ce likita ba shiga hakkinta ba ne? Ya ce Hajiya lissafa, cikin mussa wata biyu ne da ƴan kwanaki, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, kowane karo huɗu ko biyar, ƴaƴan kuma kafin su cika wata shida sun fara nasu, to wa zai riƙe su? Ya ce mu da ke dandaƙe bunsuru da sa don su yi ƙiba ba mu taɓa cewa an shiga hakkinsu ba. Ban da amsa. Ni dai har yanzu na fi natsuwa da a yi wa namijin don aikin ƙarami ne, na macen buɗe ciki ne kuma ya fi kuɗi, amma na gane inda ya dosa.

Mai son ɗaukar mussa ko kwikwiyo daga wurin kyauta ne, sharaɗi guda ka biya kuɗin rigakafin haukan kare a yi wa bisar gabanka a ba ka karne, wato takardar rigakafin. Kuma sai ya yi maka tambayoyi, gidan haya ne ko naku, maigida ya yarda, akwai kaji ko tantabaru. Na ga ya hana wani saurayi kwikwiyo don ya ce a shago zai ɗaure shi ya kwana gadi ba mai ba shi ruwa ranar da ba kasuwa. Ni wata ƴar mussa toka-toka na ɗauko saboda ɓeraye sun addabi buhunan gero na, yanzu ɗakin ajiya tsit, ita kuma ta mallake tabarmar sallata. Gargaɗin da ya yi mini da zan tafi, kar in kuskura in ba ta parasetamol ko ta yi zazzaɓi, ƙwaya guda na iya kashe mussa, jikinta ba ya iya sarrafa shi. Ban taɓa ji ba sai ranar, kuma na san gidaje da yawa da ke yi da kyakkyawar niyya.

Na san abin da wasu za su ce, don an faɗa mini a fuska, wai mutane ba su ƙoshi ba almajirai na yawo da robobi ke kina zancen gidan karnuka, wannan ai kayan Turawa ne. Maganar na da ƙamshin gaskiya, ba zan ce babu ba. Su can Ingila ƙungiyarsu ta tausayin dabbobi, RSPCA, tun 1824 take, ta Faransa SPA tun 1845, da gine-gine da ma'aikata da masu bar musu gado, mu ba mu da wannan kuma ba shi nake cewa a kwaikwayo ba. Amma karen da ke yawo a unguwa ba Bature zai ciza ba, ɗanki zai ciza a hanyar lakwal. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta mutum wajen 59,000 ke mutuwa da haukan kare duk shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kashi 40 cikin ɗari yara ne ƴan ƙasa da shekara 15, kuma kusan duka ta hanyar kare ne. Ciwon in ya riga ya bayyana a jikin mutum sai dai addu'a. Kuma masana sun ce in anka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan wuri rigakafi cutar na yankewa, abin da zuba guba a bola ba ya yi, don in ka kashe na unguwa wasu ne ke shigowa su maye wurin, ga gubar kuma ba ta tambaya ko kare ne ko akuyar maƙwabciya. To duk karen da ya bi ta hannun wanga bawan Allah ya fito da allura, ni ina ganin ƴaƴanmu anka yi wa aiki.

Kuma tunda ana kawo mishi waɗanda kare ya ciza bisa kuskure, bari in faɗi abin da yake faɗa musu. A wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15 cur, ba a tsaya neman gashin karen a ƙona a shafa ba, sannan a wuce asibitin mutane ranar nan don allura, ba wurinshi ba. Karen in an san mai shi kar a kashe, a ɗaure a sa mishi ido kamar sati biyu, likitan bisashe ya riƙa dubawa.

Ta fuskar addini ma ban ga abin musu ba, kowa ya ji hadisin matar da ta shiga wuta don ta tsare mussa ba ci ba sha, da na wanda anka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, a makarantar allo da islamiyya duk an karantar da mu. Ba a ce ka kwana ɗaki guda da kare ba. Amma tsakanin wannan da tara yara su bi shi da duwatsu manya na zaune na dariya akwai nisa.

Wanda ya fi tsaya mini a rai ma ba kare ba ne, jaki ne. Ina zaune rumfa ina jiran layi sai ga wani dattijo mai amalanke, irin masu ɗebo yashi daga Gulbi, ya kwance jakin ya jawo shi. Da anka ɗaga tsumman bayan sai ga gyambo faɗin tafin hannu daidai inda sirdi ke zama, an shafe shi da baƙin man mota, ƙudaje sun baibaye. Na zaci likita zai yi faɗa. Sai ya ce sannu Baba, tun yaushe? Ya sa yaro ya kawo ruwa da sabulu sunka wanke man nan tas, jakin na ta karkarwa, ya sa magani, ya ce Baba sai ya huta sati biyu. Tsohon ya yi ƴar dariya ya ce ɗana in ya huta sati biyu mu kuma mi za mu ci? Likita bai ce komai ba ya shiga ciki ya fito da guntun soson katifa, ya yanke rami a tsakiya daidai girman ciwon ya ɗora yadda sirdin ba zai taɓa wurin ba, ya ce to a rage lodi, a bar aikin tsakar rana, a wanke safe da marece, jibi a dawo. Tsohon ya fara kwance bakin aljihu ya ce bar shi Baba sai ya warke. Ni wannan ya fi mini wa'azi dubu kan tausayin dabba, don ya san mutumin ba mugu ba ne, talauci ne, kuma jaki yanzu ba abin da talaka zai sake saye da sauƙi ba ne tun da fataucin fatarshi zuwa Sin ya sa kuɗinshi ya yi sama har gwamnati ta hana fidda jakuna a 2016, Tarayyar Afirka ma ta hana yanka su don fata a 2024.

To sai abubuwan haushi. Jira. Ba a san layi ba, wanda ya fi ɗaga murya ko ya zo da mota shi yaron ke fara shigarwa, kuma yaron nan na da saurin fushi, ya taɓa daka wa wata tsohuwa tsawa don tunkiyarta ta yi kashi a rumfa, to a ina za ta yi? Benci guda ne, sauran kowa tsaye. Likitan kan tafi ƙauye ba sanarwa, wani zubin Tibiri wani zubin Jiratawa ko can wajen Madarunfa, ka zo da bisa a adaidaita ka biya kuɗi ka iske ba shi nan, waya kuma in ya shiga aiki sai ta yi ta ƙara ba mai ɗauka. Takardar shaidar biya sai ka roƙa. Sannan ban ji daɗin ganin bisashe marasa lafiya ɗaure kusa da masu lafiya a rumfa guda ba, akuya mai majina da zawo na shaƙar numfashi da ragon da anka kawo yankan ƙofato kawai, na faɗa mishi ya ce ya sani wuri ne babu. Na yarda wuri babu, amma ko turke biyu a nesa da juna ai ana iya kafawa. Dare kuma babu kowa, in naƙuda ta tsaya wa akuyarki ƙarfe biyu na dare sai sa'a.

Masu tambaya ta yaya za su taimaka, ba sai da kuɗi masu yawa ba. Ragowar abincin biki da suna da ake zubarwa, busasshen kifi, tsohuwar tabarma, kwanon da ya fashe baki, guntun waya ko langa-langa da ya rage a gini, duk shina so. Mai hali ya biya kuɗin rigakafin bisa guda ko fiɗiyar muzuru guda. Matasan da ke karatun noma da kiwo a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da za su riƙa zuwa ranar Asabar su taya shara da wanka da sun koyi abin da ba a allo yake ba. Kuma waɗanda sunansu ke cikin littafin bashinshi, na ga kaurin littafin da idona, ku je ku biya, har da masu manyan riguna.

In za ki je ki kira tun da dare ki tabbatar shina gari, ki isa kafin ƙarfe takwas, ki kauce wa Litinin da Juma'a don mutanen ƙauye na biyowa daga kasuwa. Ki tafi da igiyarki da ruwan shanki, mussa kuma a kwando mai murfi ko kwali mai huji, ba a buhu ba, kuma in kin riga kin ba bisar wani magani a gida ki ɗauki kwalbar ko ledar maganin ki nuna mishi, shina tambaya.